GASKIYA DAGA BAKIN YARO: ABINCIN 'YAN MAKARANTA DA CIMAR GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da ruwa ya raya ƙasa, ya fitar mana da gero da dawa da wake da gyaɗa, ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, ya hana mu ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda su ka bi tafarkinsu da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi masu karatun wannan fili, mas'alar da za mu duba a wannan mako ta shafi wani ƙorafi ne da ya yawaita a bakin magidanta a Furfuri da Bunguɗu da Gusau da Tsafe, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati waɗanda 'ya'yansu ke zuwa makaranta da kwanon abinci ko da kuɗin tara. Yaro ɗan shekara bakwai ya kan dawo gida ya ce malaminsu ya ce lemon kwalba ba abinci ba ne, ko ya ce gishiri ya yi yawa a miya, ko ya ce a daina ba shi kuɗi a riƙa dafa masa wake, ko kuma ya ƙi sa hannu a kwano sai an ba shi sabulu. Wani uban sai ya yi dariya ya wuce. Wani kuwa sai ya husata, ya ce tun yaushe aka haifi yaron da har zai koya wa uwarsa girki. Tambayar ita ce: mene ne matsayin wannan magana ta yaro a Shari'a? Rashin kunya ce da za a tsawatar, ko kuwa nasiha ce da ya wajaba a saurara?

Amsar da za mu bayar a taƙaice ita ce, gaskiya ba ta da shekaru. Idan abin da yaro ya zo da shi daidai ne, karɓarsa wajibi ne a kan uba kamar yadda zai karɓa daga bakin babban malami, domin abin da a ke magana a kai amana ce da Allah zai tambayi uban, ba yaron ba. Amma akwai sharuɗɗa da ladubba, kuma za mu kawo su a wurarensu in Allah ya so.

CIYARWA AMANA CE A WUYAN UBA

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun tabbatar da cewa ciyar da 'ya'ya marasa dukiya wajibi ne a kan uba: namiji har ya balaga yana mai iya nema, mace kuwa har mijinta ya tare da ita. Wannan hukunci yana nan a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ita ma ta ɗora abinci da tufafin mai shayarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa. A cikin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito an nuna cewa tozarta wanda mutum ya ke ciyarwa zunubi ne da ya isa ya halaka shi. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa a cikin dinarorin da mutum ya ke kashewa ta hanyoyin alheri, wanda ya kashe wa iyalinsa ya fi saura lada.

To, ciyarwa ba cika ciki kawai ba ce. Aya ta 168 ta Suratul Baƙara ta haɗa sharaɗi biyu ga abin ci, watau ya zama halal kuma ya zama mai kyau. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah ya kan yi ƙoƙari ƙwarai a kan sharaɗi na farko, ba ya yarda kwabon riba ko na algus ya shiga tukunyar gidansa, kuma madalla da wannan. Amma sharaɗi na biyu shi ne a ke sakaci da shi. Abu ya kan zama halal tsantsa, amma idan aka mai da shi abincin yaro na kullum sai ya hana shi girma. Biskit halal ne, alewa halal ce, lemon kwalba halal ne. Sai dai wanda ya sa su a madadin kalacin ɗansa kwana biyar a mako bai cika abin da ayar ta nema ba.

HALIN DA YARANMU SU KE CIKI

Kada wani ya ɗauka maganar ƙarama ce. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57 cikin 100, fiye da rabin yara ke nan. A shekarar 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta auna yara a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta tarar da kimanin yaro ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Tsumburewa kuwa ba a tsawo kaɗai ta ke tsayawa ba. Ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, ta raunana fahimta da hadda, kuma abin da aka rasa tun daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu da haihuwa yana da wuyar mayarwa.

Babu shakka babban dalilin wannan shi ne talauci da rashin tsaron da ya hana manoman Zamfara da yawa zuwa gonakinsu, ya raba wasu da garuruwansu. Wannan nauyi ne a wuyan shugabanni, kuma Allah zai tambaye su. Amma masu karatun wannan fili galibinsu ba su ne su ka rasa abin sawa a baki ba. A gidan mai albashi da mai rumfa a kasuwa matsalar ta kan zo ta wata fuska: akwai kuɗin, amma a kan kashe shi a kan abin da ba ya amfanin jiki. Maigida ya karya da ƙwai da burodi a teburin mai shayi, da rana ya ci mai kyau a bakin ofis, da dare ya tsaya wurin mai tsire, alhali yara a gida daga tuwo da miyar da ba ta ga nama ba sai taliyar leda. Kuma da ma an saba, idan nama ya shiga tukunya, kwanon maigida a ke fara cikawa. Har akwai camfi a wasu gidaje cewa ba yaro ƙwai yana koya masa sata. Wannan magana ba ta da asali a addini ko a likitanci. Mai girma shi ya fi bukatar abin gina jiki, ba wanda ya gama girma ba.

Shirin Gwamnatin Tarayya na ciyar da 'yan firamare, wanda aka ƙaddamar a 2016 ya kuma iso Zamfara a 2017, an tsara shi ne a kan 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, kuma an dakatar da shi a watan Janairu na 2024. Darasin da ke cikin wannan a fili ya ke: abin da yaro zai ci tsakanin fitarsa da safe da dawowarsa, gidansu ne zai tanada, in wani taimako ya zo daga waje ya tarar da shi.

MAGABATA SUN SAURARI YARA

Masu cewa yaro ba shi da ta cewa su kan kafa hujja da karin maganar nan, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan gaskiya ce a sha'anin da ke bukatar gogewa da sanin duniya. Amma ilimi abu ne da a ke ji a riƙe, kuma yaro ya kan ji abin da ubansa bai ji ba. Bari mu duba yadda magabata su ka yi.

Imamul Buhari ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambayi sahabbai su faɗa masa wata itaciya wadda ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Manya su ka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda shi ne ƙarami a wurin, ya gane dabino a ke nufi, amma kunya ta hana shi magana. Da ya faɗa wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai yaba masa a kan shirun ba. Ya nuna masa cewa da ya faɗa, da hakan ya fi soyuwa gare shi fiye da dukiya mai yawa. Ku duba, wannan shi ne Umar ɗin da manyan maza ke shakka, amma yana baƙin cikin ɗansa ya san gaskiya ya yi shiru.

Buhari ya kuma kawo labarin Amru ɗan Salima, wanda ya riƙa haddace Alƙur'ani daga bakin ayarin da ke wucewa ta garinsu. Sa'ad da mutanensa su ka musulunta, aka ce wanda ya fi su Alƙur'ani ya ja su salla, da su ka duba ba su sami wanda ya fi shi ba, alhali yana ɗan shekara shida ko bakwai. Haka kuma Sayyidina Umar ya kasance yana shigar da Abdullahi ɗan Abbas majalisarsa tare da dattijan Badar, har wasunsu su ka ji abin a ransu, sai ya jarraba su da tafsirin Suratun Nasri, amsar saurayin ta fito daidai.

A kan sha'anin abinci kansa akwai ƙissar da marubutan tarihin Umar ɗan Abdul'azizu su ka kawo. Wani dare Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana zaga Madina, sai ya ji wata mai sayar da madara tana umurtar 'yarta ta zuba ruwa a ciki. Yarinyar ta tuna mata cewa Sarkin Musulmi ya hana. Uwar ta ce ai ba ya ganinsu. Yarinyar ta amsa da cewa in shi ba ya gani, Ubangijinsa yana gani. Umar bai ce wannan 'ya ta raina uwarta ba. Ya aurar da ita ga ɗansa Asimu, kuma daga zuriyarsu aka sami Umar ɗan Abdul'azizu, adalin sarkin nan. Gyaran da 'ya ta yi wa uwarta a kan ƙwaryar madara shi ya zama sanadin wannan albarka.

Sa'an nan ku tuna hadisin Sahlu ɗan Sa'adu, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. An kawo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, abin sha, ga yaro a damansa, ga dattijai a hagunsa. Sai da ya nemi iznin yaron kafin ya ba manya, da yaron ya ƙi sarayar da rabonsa, sai ya miƙa masa. Wanda aka nemi izninsa a kan kofin sha a gaban dattijai, ba za a ce ba shi da bakin magana a kan abin da za a zuba a kwanonsa ba.

ABIN DA LIKITOCI SU KA GANO

Masana lafiya na wannan zamani sun daɗe da lura cewa yaro hanya ce ta shigar da ilimi cikin gida. Wani likitan yara Baturen Ingila, David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa daga 1956, shi da abokin aikinsa Hugh Hawes sun ƙirƙiro wani tsari a Landan saboda Shekarar Yara ta Duniya ta 1979. Manufarsa ita ce a koya wa 'yan makaranta tsabta da cin abinci mai kyau da haɗa ruwan gishiri da sukari, domin su kai wa ƙannensu da iyayensu. Dalilinsu mai sauƙi ne: a ƙasashe irin namu yarinya 'yar shekara takwas ita ke goyon ƙaninta, ita ke ba shi koko, ita a ke aika sayen kayan miya.

An kuma jarraba abin da awo. A garin Changzhi na arewacin ƙasar Sin an ɗauki makarantun firamare 28, aka koya wa yaran rabinsu illar yawan gishiri har tsawon wata uku da rabi, aka ce su je su shawo kan mutanen gidajensu. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa, idan aka gwada da gidajen da ba a koya wa yaransu ba, gishirin da yaran ke ci ya ragu da giram 1.9 a rana, na manyan gidan kuwa ya ragu da giram 2.9, har ma awon jinin manyan ya sauka. Ba wanda ya tara iyayen a aji, 'ya'yansu ne su ka kai musu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar jajiyoyinta da 'yan taru ta kai ilimi cikin gidajen da malami namiji ba ya shiga. Risala ma da a ke karantawa a zaurukanmu, mai ita ya rubuta ta ne domin a koyar da yara, kuma ya keɓe babi guda a kan ladubban ci da sha. Tun da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, ɗan makaranta ya zama mai shiga kowane gida da sabon labari. Abin da ya rage shi ne mu san yadda za mu tace labarin.

RARRABE NASIHA DA KWAƊAYI

A nan ne hankalin uba ya ke da aiki, domin ba duk abin da yaro ya nema ne gaskiya ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa halin da ya ke fara rinjayar yaro shi ne kwaɗayin abinci, saboda haka a nan a ke fara tarbiyyarsa. Yaron da malami ke koya wa amfanin wake, shi ne dai mai talla ke kira ta talabijin da wayar hannu da kwalaye masu launi. Su ma masu sayarwa sun gane cewa yaro ƙofar gida ne. Idan mu ba mu yi amfani da ƙofar ba, su za su yi.

Saboda haka idan yaro ya zo da magana, a tambaye shi dalili. Mai nasiha ya kan zo da dalili, ya ce an ce yana ɓata haƙori, ko yana ƙara jini. Mai kwaɗayi kuwa hujjarsa ɗaya ce, wai wane ma shi a ke saya wa. Bayan haka a kai maganar ga wanda ya sani, likita ko ma'aikacin asibitin gari, domin Alƙur'ani ya umurce mu mu tambayi ma'abota sani idan ba mu sani ba.

Ga kaɗan daga abin da za a tarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da a ke ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau kimanin giram 50 ga babba, na yaro kuwa ƙasa da haka. Kwalba guda ta lemo ta kan ɗauki cokulan shayi takwas ko tara na sukari. Saboda illarsa ne dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha. Gishiri kuma hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kimanin cokalin shayi guda, alhali dunƙulen da a ke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. Ashe yaron da ya ce gishiri ya yi yawa yana kare ubansa ne daga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Duk wannan kuwa yana ƙarƙashin aya ta 31 ta Suratul A'arafi, wadda ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka, da hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki uku: na abinci, na ruwa da na numfashi.

ABIN DA ZA A ZUBA A KWANON

Wani zai ce abinci mai kyau sai mai hali. Amma abin da ya fi amfani shi ne wanda ƙasarmu ke fitarwa. Hatsi yana ba da ƙarfi, wake da gyaɗa da waken suya suna gina jiki, kuma idan aka haɗa su a ci ɗaya kowanne ya kan cike gurbin ɗan'uwansa. Saboda haka ɗanwake da ƙwai, ko alale, ko ƙosai da koko, ko hoce da ƙuli-ƙuli, ko dambu mai zogale, ko awara, ko dafaffen dankali da gyaɗa, duk sun fi abin leda. Kwaɗon zogale da rama da tafasa suna ƙara jini su kuma taimaki gani, ɗan man da a ke zubawa kuwa shi ke sa jiki ya amfana da bitamin ɗin da ke cikinsu. Goba da lemon zaƙi da garin kuka suna taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga abinci, shayi kuwa idan aka sha shi tare da cin abinci yana rage ɗaukarsa. Mangwaro da gwanda da kankana a lokacinsu, da magarya da ɗinya da goruba da aya, su ne alewar iyayenmu. Fura da nono mai tsabta ta fi kowane abin sha na kwali. Gishiri kuma a sayi mai aidin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993 domin maganin maƙoƙo.

Tsabta ita ma ginshiƙi ce. Dafaffen abinci ba a son ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, don haka a zuba shi da zafinsa a kula mai murfi. A tsince gyaɗa da masarar da su ka yi funfuna a zubar, domin suna ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma ɗan kasuwar da ya cakuɗa irinsu da mai kyau ya sayar, ya yi algus. Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin abin da ƙazantar hannu da ta abinci ke jawowa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana bin hannun yara da abincinsu zuwa ciki. A 2021 kuma jihar tana cikin waɗanda annobar amai da gudawa ta fi taɓawa. Yaron da ya nemi sabulu kafin ya ci, a yi masa addu'a, kada a yi masa tsawa.

LADUBBAN KOWANE ƁANGARE

A kan yaro akwai ladabi. Allah ya hana a nuna wa iyaye ko da ƙosawa a cikin Suratul Isra'i, ya kuma ba mu misalin Annabi Ibrahim a cikin Suratu Maryam, yadda ya yi wa mahaifinsa nasiha a kan abu mafi girma, watau shirka, amma da kira mai taushi, yana mai nuna masa cewa wani ilimi ya zo masa wanda bai zo wa uban ba. Idan haka aka yi a kan tauhidi, ina ga gishirin miya? A koya wa yaro ya ce, Baba, ga abin da aka faɗa mana, ko Inna, da za a rage kaza. Kada ya ture kwano, kada ya kushe girkin uwarsa, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, bai taɓa aibata abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

A kan malaman makaranta, na boko da na Islamiyya, akwai nauyin su koyar da abin da gidajen yaran za su iya. Malamin da ya zana wa yaran Furfuri hoton tuffa da inabi a allo ya ce wannan ne abinci mai kyau, bai ambaci zogalen da ke bayan ɗakinsu ba, ya koya musu raina gidansu ne kawai. Kuma kada a tozarta yaron da ya zo hannu wofi.

A kan uwa da uba kuwa, abu na farko su yi misali da kansu. Umar ɗan Abu Salama yana yaro a hannun Manzon Allah, hannunsa yana yawo a akushi, sai aka koya masa cikin taushi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa, kuma ya ce tun daga ranar haka cinsa ya zauna. Ya koyi haka ne domin kwano ɗaya su ke ci da Annabi. Uban da bai taɓa cin abinci da 'ya'yansa ba, ina zai san abin da su ke ci? Abu na biyu, a ba yaro hannu a cikin aikin. A tafi da shi kasuwa ya zaɓi ganye, a ba shi ya tsince wake, a ba shi gindin zogale guda a tsakar gida ya riƙa ba shi ruwa, domin yaro ya fi cin abin da hannunsa ya taɓa. Abu na uku, mai hali ya ƙara loma a kwanon ɗansa da niyyar abokin zamansa da bai zo da kome ba, ko almajirin da ke bakin ƙofa. Ya tabbata a hadisi cewa abincin mutum biyu yana isar uku. Ta haka kwanon makaranta ba zai zama abin alfahari tsakanin yara ba, zai zama wurin koyon kyauta.

Ya 'yan'uwa, girman kai kamar yadda hadisin Muslim ya fassara shi, shi ne ƙin gaskiya da raina mutane, kuma ba a togace yara daga cikin mutane ba. Uban da ya ce wa ɗansa ka yi gaskiya, gobe za a gyara, bai rage kome daga girmansa ba. Ya koya wa yaron cewa a gidan nan gaskiya ake bi, kuma ranar da uban zai yi masa nasiha a kan salla ko abokai, zai tarar da kunne a buɗe. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mumini mai ƙarfi kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da ya ke kowannensu yana da alheri.

Allah ya yalwata mana arziki na halal mai albarka, ya raya mana zuriya bisa lafiya da imani, ya maido da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya domin manomi ya koma gonarsa. Allah shi ne Masani. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.